Ba Hannun Baba Ba Ne

Jama'a ku gyara zama, don yau labari na zo muku da shi. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, ba laifin waya ba ne, zumuɗi ne ya yi min yawa.

Wanda bai san ni ba, ni ce Auta. Mu uku Mama ta haifa, duk mata. Yayyena biyu suna ɗakunansu, ni kaɗai na rage a gida ina ƙarar wa Mama da sukari. Shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani kantin magani na bakin titi, kuma tunda nake Baba bai taɓa ce min "yaushe za ki yi aure" ba. Shi ne ma mai tare min faɗa in Goggo ta taso ni gaba.

Sai ga shi ranar Lahadi ya kira ni falo. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, hannun dama a kan gwiwa, ya rufe shi da na hagu, kamar yadda ya koma yi tun da ya fito daga asibiti.

"Auta, ranar Asabar Goggonki za ta zo da yaron nan. Ina son in ji amsarki kafin su tashi."

"Baba, wace Asabar ɗin?"

"Wadda ke gabanmu."

"Haba Baba, kwana shida fa ke nan!"

"Ba tilasta miki nake ba," ya faɗa, ko kallona bai yi ba. "So nake in ga kin shiga ɗakinki da idona. Ke kaɗai kika rage min."

Ba maganar auren ce ta tsorata ni ba, muryar ce. Irin muryar mutumin da ya gama haɗa kayansa yana jiran mota.

Yaron da ake magana shi ne Manaja, ɗan aminiyar Goggo. Goggo kuwa yayar Baba ce, in ta kafa ƙafa a kan magana sai dai a kauce mata. Kada in ɗauki alhakinsa, Manaja ba mugu ba ne. Yana da fara'a, yana da mota, turarensa na riga shi shiga ɗaki kuma ya kwana a labule bayan ya tafi. Matsalar ɗaya ce. In muka zauna awa guda, zai ba ni labarin ofis na minti hamsin da biyar, sauran biyar ɗin ya tambaye ni ko na gane. Ni kuma zuciyata tana can tsallaken titi, amma ku dakata, zan zo kan wannan.

Na bi Mama kicin na tura ƙofa.

"Mama, me ya sami Baba?"

Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe. "Gem ɗin nan ne."

"Gem kuma?"

To bari in yi muku bayani. Baba direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗaya a kan hanya bai taɓa buge ko akuya ba. Abin alfaharinsa a duniya shi ne saurin ido da saurin hannu. A wata tafiya, tun ba a haife ni ba, ya sayo wata na'urar gem ruwan toka mai cin kaset, da fad biyu masu doguwar waya. Fad shi ne abin da ake riƙewa ana dannawa. Kaset ɗaya tal gare mu, na wasu 'yan mutane biyu, ja da shuɗi, suna tsere suna tsallake ramuka. Can gaba akwai wasu ramuka uku a jere da muke kira Gadar Baba. Mu sai mun cije leɓe muke wuce ta, shi kuwa yana hira yake wucewa, wani lokaci ma da kofin shayi a gefe.

Fad na biyun kuwa yana da tarihi. Duk wanda ya zo neman ɗaya daga cikinmu, in Baba ya ga da gaske yake, sai ya miƙa masa shi. Mijin Yaya Babba ya sha kashi biyar ba ko ɗaya, gumi har cikin kunne, Baba ya ce wannan ɗan halak ne. Amma wani da ya taɓa zuwa wajen Yaya Ƙarama, gwani ne, sai ya dinga faɗa wa rami da gangan wai don girmamawa. Baba ya kashe talabijin ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Da muka tambaye shi ya ce, "Wanda ya yi min ƙarya a wasa, ban san me zai yi wa 'yata a gida ba." Tun daga ranar ya kafa mana doka, ba wadda za ta faɗa wa saurayinta wannan sirrin.

Wata takwas da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗan taɓa shi. Allah ya taƙaita, ya miƙe, likita ya ce hannun ya dawo, ya ci gaba da motsa shi kawai. Ranar da aka sallamo shi Manaja ya aiko da wata ƙatuwar talabijin siririya ta manna wa bango, wai ta sannu da jiki. Tsohuwar tamu mai ƙatuwar ƙeya Goggo ta sa aka ba masu gwangwan. Sabuwar kuma ba ta da kafar wayoyin nan uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, sai aka sayo wani ɗan adafta a kasuwa aka haɗa su.

"Kullum in kin tafi aiki sai ya kunna," in ji Mama, muryarta can ƙasa. "Wata bakwai yana fama, bai wuce gadar nan ba ko sau ɗaya. Shekaranjiya ya naɗe wayoyin ya zuba a kwali. Ya ce likita ɓoye masa ya yi, hannun ya tafi, sauran jikin ma bin sa zai yi."

Na jingina da firij, hawaye na bin fuskata. Wato Baba ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai, shi ya sa yake sauri ya ga ya aurar da ni.

Washegari Litinin aikin rana gare ni. Baba na fita tattakinsa na safe na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, na jona komai. Ni dai kewar abin ce ta kama ni. Kiɗan nan ya tashi, na riƙe fad, ɗan jan ya fara gudu. Ramin farko, wanda jikokin gidan ma ke tsallakewa, na danna, na faɗa. Na ce to, na kwana biyu ban taɓa ba. Na sake, na faɗa. Sau goma sha ɗaya, jama'a! Na ajiye fad ɗin na kalli yatsana na ce, "To ni kuma wane ciwo ne ya taɓa ni?"

Yanzu bari mu tsallaka titi.

Shagonsa yana kallon kantinmu. Mai gyaran talabijin ne da rediyo, dogo, siriri, da tabarau mai kauri da ƙunar dalma a yatsu. Ni na sa masa Injiniya don tsokana, shi kuma ya rama da ce min Likita. Fankar kantinmu ya fara zuwa gyarawa, ya gama cikin minti goma, amma sai da ya dawo sau huɗu wai yana duba lafiyarta. A bayan shagon yana da kanta guda cike da tsofaffin na'urorin gem, kuma na taɓa ganin ya cinye wani mai cika baki da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Sau uku yana roƙo na ya zo ya gai da Baba, ni kuma ina ce masa ya bari tukuna, gidan ba daɗi. Na ciro waya na rubuta masa.

"Injiniya kana nan?"

"Ina nan Likita. Wa ya taɓa min ke da sassafe?"

Na zayyane masa komai, har maganar Asabar. Shiru na kusan minti biyu, ina ganin alamar yana rubutu yana gogewa. Sai ga saƙo.

"Maganar Asabar ta tsaya min a wuya, amma mu fara da Baba. Da me aka haɗa gem ɗin da talabijin?"

Na ɗauki hoton adaftan na tura.

"Na gane shi. Jingine wayarki yadda za ta ɗauki babban yatsanki da talabijin lokaci ɗaya. Sa bidiyon a kan mai tafiyar hawainiya. Ki danna tsalle sau biyar, sai ki kalla da kanki."

Na jingine wayar da filas ɗin Mama, na yi yadda ya ce. Da na kunna bidiyon sai da na miƙe tsaye. Ga yatsana ya sauka a kan maɓalli, ya danne, har ya fara ɗagowa. Ɗan jan kuwa yana ta gudunsa kamar ba da shi ake ba. Sai can ya tuna ya yi tsalle.

Na kira shi, ko sallama ban yi ba. "Injiniya! Jinkiri yake yi! Wallahi jinkiri yake yi!"

Yana dariya ya ce, "Kwantar da hankali. Adaftan nan sai ya ɓata lokaci kafin ya juya hoton. Ita ma talabijin ɗin sai ta tsaya yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna. In fim ake kallo ba mai lura. A gem kuwa, ramin da kike gani a gabanki kin riga kin faɗa shi. Duka-duka bai wuce ƙiftawar ido ba."

"Ke nan ba hannun Baba ba ne?"

"Ban ga hannunsa ba, ba zan rantse ba. Amma ko ni ka ba ni wannan haɗin sai na faɗa."

Jama'a, rawa na taka a tsakar falo ni kaɗai, da ɗankwalin barci da silifas wari ɗaya. Mama ta leƙo ta ce, "Lafiya?" Na rungume ta har sai da ta ce zan karya mata ƙashi.

Baba na dawowa na tare shi tun daga ƙofa. "Baba, talabijin ɗin ce! Ita ke jinkiri, ba kai ba!"

Ya yi min wani murmushi mai ciwo. "Auta ke nan. Talabijin sabuwa fil, ni tsoho. A cikinmu wa ya fi kama da mai jinkiri?"

"Ga bidiyo ka gani."

"Na gode 'yar albarka. Likita ma haka ya lallashe ni."

Ya shige ɗaki ya bar ni da waya a hannu. Nan na gane magana ba za ta yi ba, sai ya ji abin a yatsansa. Injiniya ya ce akwai adafta mai kyau da aka yi musamman don tsofaffin gem, amma babu a shagonsa, sai ya sa an aiko masa. Talata shiru. Laraba shiru. Ina miƙa wa mutane magani idona na tsallaken titi, har mai kantin ya tambaye ni ko wuyana ne ya sage. Goggo kuwa kullum sai ta kira ta tuna min in sa kaya masu haske, kuma in rage surutu. Sai yammacin Juma'a saƙo ya shigo, hoton wani ɗan baƙin akwati a tafin hannunsa.

"Ya iso. Ƙarfe nawa baƙinku za su zo gobe?"

"Huɗu."

"Zan zo biyu. A matsayin mai gyara kawai, kada ki damu."

"Ka goge rigarka dai."

"Tun jiya take a rataye."

Ranar Asabar sau uku ina canza kaya. Na sa shuɗiyar doguwar riga na cire, na sa mai fulawa na ga kamar labule, a ƙarshe na tsaya a kan ruwan zuma mai ɗinki a wuya, da mayafi ruwan madara da 'yan kunnen da Yaya Babba ta bar min. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wannan kwalliyar ta mai mota ce ko ta mai gyara?"

"Kai Mama!"

"Ni na haife ki. Je ki buɗe ƙofa, ga shi can yana ta gyaran murya."

Injiniya ya shigo cikin farar riga mai karin guga, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba da Mama. Baba ya amsa a daƙile, ya dube ni. "Ba na ce ki bar maganar nan ba?"

"Baba minti goma kawai."

Injiniya ya sauke jakarsa. Ya hura ƙurar bayan na'urar, ya goge bakin wayoyin da ɗan ƙyalle, ya cire tsohon adaftan ya sa sabon. Ya ɗauki rimot ya shiga cikin saitin talabijin, yana kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da ita kan saitin gem. Sai ya matse hoton ya dawo tsakiya, gefe da gefe suka yi baƙi, 'yan mutanen suka koma siraransu kamar da.

Baba ya ɗan ɗago. "Af. Ni na ɗauka ƙiba suka yi."

Na kusa yin ihu don murna, wata nawa rabon da in ji ya yi barkwanci. Injiniya ya jingine wayarsa da kwalin tishu a kan teburin gaban Baba, ya fara ɗaukar bidiyo, sannan ya miƙa masa fad da hannu biyu.

"Na daina," in ji Baba.

Na durƙusa gabansa. Mama daga bakin ƙofa ta ce, "Ka yi ko don yaron nan da ya taso cikin rana."

Ya ja dogon numfashi, ya zare hannun dama daga ƙarƙashin na hagu, ya karɓa. Kiɗa ya tashi. Ɗan jan ya kwasa da gudu, ramin farko ya taho, Baba ya danna.

Ya faɗa.

Na ce a raina ba komai, somin-taɓi ne. Ya sake, ya faɗa. Na uku ma haka. Na shiga uku, ashe na tara masa mutane ne ya ji kunya a gaban baƙo? Baba ya ajiye fad a kan gwiwa a hankali, ya mayar da hannun hagu ya rufe na dama.

"Kin gani ko, Auta?"

Injiniya ya ɗauki wayarsa, ya kalli bidiyon sau ɗaya, ya mayar baya ya sake kalla. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Baba, don Allah duba nan." Ya matso a kan gwiwoyinsa. "Ga yatsanka ya sauka. Ga ɗan jan ya tashi nan take. Amma dubi inda ramin yake."

Baba ya ƙanƙance ido. "Da saura."

"Da saura sosai. Ba makara kake yi ba, riga shi kake yi. Baba, ka taɓa tuƙa motar da birkinta ya yi sanyi?"

"Sau nawa kuwa."

"Yaya kake taka shi?"

"Tun daga nesa."

"To wata bakwai ke nan kana taka wannan tun daga nesa, har hannunka ya saba ba ka sani ba. Hannun da ya tafi ba ya koyon sabon abu. Yanzu an gyara birkin. Ka taka a inda ka saba takawa da."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya gyara zama, ya turo hularsa gaban goshi. Mama ta dafe ƙirji, don mun san wannan turin hular. Injiniya ya mayar da wayar jikin kwalin tishu ya ja baya.

Ramin farko, fit, ya wuce.

"Baba!" na ƙwala.

"Yi min shiru."

Na biyu ya wuce. Na uku ya wuce. Ya tsallake ƙaya, ya sunkuya wa tsuntsu, yatsan nan yana tafiya shi kaɗai. Ana cikin haka aka yi sallama, Goggo ce da Manaja, sun riga lokaci da kusan awa guda. Ta shigo da ƙaton mayafinta mai ƙyalli, shi kuma da kwat da ledar tsaraba, turare ya cika falo. Ba wanda ya amsa musu.

"Wai gidan ba mutane ne?" in ji Goggo.

Mama, wadda tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga wa Goggo murya ba, ta ce, "Yaya, don Allah dakata!"

Ga Gadar Baba ta taho. Na cusa mayafi a baki. Ɗaya. Biyu. A na ukun ɗan jan ya tashi sama, ni ma na tashi tare da shi, ya dira a ɗaya gefen daram.

Ihun da na yi, na tabbata maƙwabta sun ɗauka gobara ce. Mama na ta hamdala tana share ido da gefen zane. Baba ya ɗaga hannun damansa yana juya shi gaba da baya, yana dariya, hawaye na gangara cikin gemunsa.

"A kawo min shayi," ya ce.

Na ruga na kawo har ina zubarwa. Ya koma farko, ya sake wuce gadar, ya kurɓa a tsakiya kamar da. Sannan ya ajiye kofin ya dube ni.

"Auta, maganar Asabar ɗin nan na janye ta. Ki yi a lokacinki. Ba inda za ni."

"Direba!" Goggo ta zabura, don haka take kiransa tun da ya fara tuƙi. "Me kake nufi ka janye? Mun taso takanas, a kan wasan yara za ka watsa min ƙasa a ido? Wannan kuma wane ne?"

"Mai gyara ne," na yi maza na faɗa.

Manaja ya yi gyaran murya. "Amma talabijin ɗin ai babba ce, sabon samfuri."

"Lafiyarta ƙalau, yallaɓai," in ji Injiniya. "Talabijin ce mai kyau ƙwarai. Saiti kawai take so." Ya fara tattara kayansa cikin jaka zai sulale.

"Tsaya," in ji Baba.

Ya sunkuya ya sa hannu cikin kwali, ya ciro wani abu a naɗe cikin tsohon hankici. Mama ta mintsine ni a cinya. Fad na biyu! Ya warware wayar a nutse, ya jona, ya miƙa wa Manaja.

"Bismilla."

Manaja ya yi dariya yana gyara agogo. "A'a Baba, ni ai na girmi wannan. Ku dai yi, ina kallo."

Baba ya janye fad ɗin. Ya juya. "Kai fa, mai gyara?"

Injiniya ya goge tafinsa a jikin farar rigar nan da ya sha wahalar gogewa, ya karɓa da hannu biyu. Daɗi ya kama ni kamar in tashi sama, sai kuma gabana ya yanke ya faɗi. Ban taɓa faɗa masa sirrin fad ɗin ba! Kuma na san halinsa, mutumin da ke kwashe tururuwa daga cikin rediyo kafin ya kunna. Yanzu ya ga dattijo yana hawaye, ta yaya zai cinye shi a gaban iyalinsa? Bar masa zai yi, Baba kuma ya gane, ya kashe talabijin, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na yi masa ido, yana kallon ƙasa. Na yi tari, Goggo ce ta juyo. Na ce doka ta yi haƙuri. Na ɓoye waya cikin mayafi na rubuta da yatsa ɗaya, na tura.

Zzzt.

Innalillahi. Wayarsa na nan jingine da kwalin tishu, a gaban Baba. Ta kawo haske. Baba ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya sa, ya sunkuya.

"Likitata," ya karanta a fili, ɗaya bayan ɗaya. "'Don Allah kada ka bar masa. Ka cinye shi in za ka iya.'" Ya ɗago. "Wace ce kuma Likitata?"

Wayar da ke cikin mayafina ta zame ta faɗi ƙasa, tim. Goggo ta saki salati tana tafa hannu. Manaja ya kalli agogonsa. Injiniya kuwa ya daskare, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ni dai na rufe fuska ina jiran faɗa.

Sai na ji dariya. Baba ne, yana yi har yana buga gwiwa.

"Wata takwas kowa a gidan nan lallaɓa ni yake kamar ƙwai," ya ce. "Yau ne aka fara cewa a cinye ni." Ya cire tabarau ya nuna Injiniya da shi. "Yaro, ka ji umarnin likita. Amma tunda ta fasa maka sirri, doka ta canza. Shan kashi da gaskiya ba zai fisshe ka ba. In kana son Auta, sai ka ci ni."

"Baba," in ji Injiniya, "an taɓa cin ka?"

"Shekara talatin, ko sau ɗaya."

Ya sake turo hular gaban goshi, ya ɗora babban yatsan damansa a kan maɓalli. Ja da shuɗi suka jeru a bakin layi, kiɗa ya tashi. Ni kuwa na ɗaga hannu zan yi addu'a, na kalli Baba, na kalli Injiniya, wallahi na rasa wa zan roƙa wa nasara.